Digiri Na Biyu, Na Uku Da Digirin Digirgir: Ma'anarsu Da Yadda Ake Amfani Da Su

Kalmar digiri baƙuwa ce a Hausa. Daga Turanci muka aro ta, shi kuwa asalinta ya komo ga wata kalmar Latin mai nufin mataki. Ta zauna a bakin jama'a bayan buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. Da matakan suka yawaita, sai Bahaushe ya bi hanyar ƙidaya: digiri na farko, na biyu watau mastas, da na uku wanda ke ba mutum laƙabin dakta.

Amma fa a lura, wannan ƙidaya ta daraja ce, ba ta yawan takardu ba. Wanda ya yi digirin farko a fannin tarihi, sa'an nan ya sake yin wani a fannin shari'a, takardu biyu ke hannunsa, amma bai taka matakin digiri na biyu ba. Haka kuma babbar difloma ta koyarwa, ko da yake galibi masu digiri ke yin ta, ba digiri ba ce. Saboda haka in ana son suna ɗaya da zai tattara su duka, "karatun gaba da digirin farko" ya fi dacewa.

Sai kuma "digirin digirgir". Wasa da sauti ne ya haife shi, kunne kuwa yana jin amon digirgire a cikinsa, watau ɗaukar kaya a ka ba tare da an dafa ba, abin da sai gwani. Sunan ya yi armashi, amma bai tsaya wuri guda ba. Yawancin masu magana digiri na uku suke nufi da shi, wasu kuwa na biyu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai fassara sanarwar neman ma'aikata, domin matsayi da albashi sun rataya a kan sunan takarda. Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce su koyar da sunayen ƙidaya a rubutun hukuma, su bar digirgir ga hira da kirari. Su kuma nuna wa ɗalibai cewa digirin girmamawa kyauta ce ta jami'a, ba ya cikin wannan ƙidaya.