Ingarma Da Goɗiya A Gida Ɗaya Sai Da Lura

A ƙasar Haɗejiya, inda fadamar kogi ke ba da ɗanyar ciyawa har cikin rani, wasu masu dawakin hawan Salla sukan haɗa ingarma da goɗiya da dukushinsu a gida ɗaya. To, wannan zama sai da lura. Goɗiya takan nemi baye kusan kowane kwana 21, a lokacin nan ingarma yakan tumɓuke turke, har ya hauri dukushi. Saboda haka wajibi ne a nisanta turakunsu. Idan ta ɗauki ciki, wata 11 take yi kafin ta haihu. Dukushi namiji kuwa, a raba shi da uwarsa kafin ya shekara, don kada ya haye ta, iri ya lalace.