Injin kwalekwale ba ya son kwanciya: yadda muke haɗa masa maratayi a Yeji

A Yeji, bakin Tafkin Volta a Ghana, injin kwalekwale shi ne jarin gida. Da shi ake zuwa su, da shi ake tsallaka mutane da kaya zuwa Makango. Da dama daga cikin injinan nan kuwa, 'yan'uwa mazauna Kumasi ko Jidda ko Landan ne suka haɗa kuɗi suka saya.

Gyaran inji ne sana'ata, kuma ɓarnar da ta fi ba ni takaici a tudu ake yin ta. Mutum zai cire inji ya kwantar da shi a kan yashi yadda ya ga dama. To, idan farfela ta fi kan injin tudu, ragowar ruwan da ke ciki zai bi hanyar hayaƙi ya gangara cikin silinda. Daga nan sai tsatsa, sai fistin ya cije. An ƙera shi ne don ya rataya a tsaye, shi ya sa nake cewa kowane mai inji ya yi masa maratayi.

Aikin bai fi ƙarfin kafintan unguwa ba. A fara da awo: daga bakin maƙalin injin zuwa ƙarshen wutsiyarsa da ke ƙasan farfela, a ƙara taƙi guda don kada ta taɓa ƙasa. Wannan ne tsayin maratayin. Sai a tsayar da katako biyu, a gicciya musu faffaɗan katako a sama mai kaurin santimita 4 zuwa 5, kamar na bayan jirgi, inda maƙalin zai kama. Odum nake so a nan. Wawa yana da laushi, maƙali na nutsewa cikinsa.

Sirrin yana ga ƙafafu. Yamaha mai doki 40 ya haura kilo 60, kuma nauyin a kansa yake, yana rinjaya ta gefen da ya rataya. Don haka ƙafafun su fi tsawo ta wannan gefen, a tokare su da katako a karkace. A ɗaure da noti, ban da ƙusa, domin girgiza tana zare ƙusa a hankali. Ranar da ya kife, ko murfi ya fashe, ko ya danne yaron da ke wasa kusa.

A bar fili tsakanin ƙafafun yadda rabin duro zai shiga. In za a gwada inji, a cika shi har ruwa ya rufe kafofin da yake zuƙar ruwa, giya kuma tana furi. Kada a tayar da shi a bushe ko na ɗan lokaci, robar famfon ruwansa nan take take ƙonewa. A tsayen nan kuma ake canza man giya cikin sauƙi.

Ku da ke waje, in kun aiko kuɗin inji, ku ɗan ƙara na katako da ladan kafinta, ku ce a turo muku hoton maratayin a WhatsApp. Ai rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa albarka a nema.