Gwajin Magani da Haƙƙin Wanda Ake Gwadawa a Kansa

Kalmar "magani" tana da faɗi ƙwarai a Hausa. Akwai maganin zazzaɓi da na sauro, akwai maganin bindiga da na farin jini, har akan ce haƙuri maganin zaman duniya. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan maganin asibiti, watau ƙwaya da allura da na ruwa, domin a duba yadda yake aiki a jikin ɗan Adam, da kuma hanyar da likitoci ke bi su tabbatar yana warkarwa kafin a sake shi ga jama'a.

Sa'ad da mutum ya haɗiyi ƙwaya, ba kai tsaye take tafiya wurin da ke ciwo ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Takan narke a ciki, ta gangara ƙaramin hanji, inda mafi yawanta ke shiga jini. Jinin hanji kuwa ta hanta yake fara bi, saboda haka hanta takan sarrafa wani kashi na maganin tun bai kai ko'ina ba. Abin da ya saura shi ke zagaya jiki, ya taɓa wurin ciwo da wurin da ba ciwo, daga bisani ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari. Alal misali, farasitamol rabinsa yakan bar jini cikin sa'a biyu zuwa uku, shi ya sa ake maimaita shansa a yini. Amma hanta tana mayar da ɗan kaɗan daga cikinsa wani sinadari mai guba, wanda take iya kashewa muddin bai yi yawa ba. In babban mutum ya zarce giram 4 a yini, gubar tana iya fin ƙarfin hantar ta lalata ta. Ke nan tsakanin waraka da halaka wani lokaci awo ne kawai, kuma awon yaro dabam ne da na babba, na mai ciwon ƙoda dabam ne da na lafiyayye.

To, da me za a san magani yana aiki? Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan fage gani kaɗai yana yaudara. Cututtuka da yawa, kamar mura, sukan tafi da kansu. Wanda ya sha wani abu ran Litinin ya warke ran Alhamis zai rantse abin da ya sha ne ya warkar da shi, alhali ko bai sha ba da ya warke. Daɗin daɗawa, sakankancewar majinyaci cewa an ba shi magani takan rage masa jin zafi, ko da ƙwayar wofi ce ta sukari. Mafita ita ce kwatantawa. A 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya raba matuƙa 12 masu cutar kumburin dasashi gida shida, ya ba kowane gida abu dabam, sai ya ga waɗanda suka ci lemon zaƙi da na tsami su ne suka murmure. Bayan shekara ɗari biyu aka ƙara wani sharaɗi, watau ƙuri'a. A gwajin da aka buga a Ingila a 1948 kan maganin tarin fuka mai suna streptomycin, ba likita ne ya zaɓi wanda za a ba maganin ba, lambobin ƙuri'a ne da aka rufe cikin ambulan. Cikin wata shida, mutum 4 suka rasu daga 55 da aka ba maganin, 14 kuma daga 52 da aka yi wa jinyar kwanciya kawai. Hikimar ƙuri'ar a fili take, domin likita mutum ne, yana iya karkata sabon magani ga wanda ya ga alamar zai tashi, ko da bai yi nufin ha'inci ba. Saboda wannan dalili ne kuma a gwaje-gwaje da yawa ake ɓoye wa likita da majinyaci baki ɗaya ko wane ne ya sami wane magani, sai an gama.

A yau sabon magani yakan fara daga ɗakin bincike da dabbobi, sa'an nan 'yan tsirarun mutane lafiyayyu don a gane awon da jiki ke ɗauka, sa'an nan majinyata ɗaruruwa, daga ƙarshe dubbai. Aikin yakan ci shekara goma ko fiye, kuma kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai ga gwaji a kan mutane ba sa tsallakewa. Wannan tsanani wahala ce ta haife shi. Maganin thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, aka kuma riƙa ba masu juna biyu don tashin zuciya, ya sa an haifi jarirai wajen 10,000 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961.

Sai dai ingancin lissafi ba shi ne ƙarshen zance ba, akwai haƙƙin wanda ake gwajin a jikinsa. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 sun shimfiɗa cewa ba a sa mutum cikin bincike sai da yardarsa, bayan ya fahimci abin da za a yi masa. Mu nan ba mu bukatar zuwa Turai neman misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka raba gida biyu, ɗaya aka ba Trovan, ɗaya aka ba ceftriaxone, wanda aka riga aka san yana aiki. Yara 11 suka rasu, 5 a gidan farko, 6 a na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓɓai. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye da dama kuwa sun ce ba su san gwaji ake yi ba, magani kawai suka zo nema. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kansa Trovan an taƙaita amfani da shi a Amurka a 1999 saboda illarsa ga hanta. Ɓarnar ba ta tsaya a kotu ba, domin sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin hujjojin da masu ƙin allurar suka riƙa kawowa, kuma yaran da cutar ta gurgunta a shekarun da suka biyo baya ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin rigingimun biyu.

A ganina, nan ne maganar ta shigo Sashen Hausa. Jayayyar Kano, in aka tuɓe ta daga lauyoyi, jayayya ce a kan abin da aka faɗa da Hausa da abin da aka fahimta. Mu ɗauki kalmar "gwaji" kanta. A bakin mai zuwa asibiti, gwaji shi ne a ɗebi jini ko fitsari a duba. Uwar da aka ce mata za a yi wa ɗanta gwaji, ga shi wuyansa ya sanƙare yana fizge-fizge, za ta ce a yi, kuma ba ta yi ƙarya ba in daga baya ta ce ba ta yarda a jarraba sabon magani a kansa ba. Mai fassara ya ba da kalma daidai, ma'ana kuwa ta ɓace. Haka nan "bincike", wanda kunne ya fi sabawa da shi a wajen 'yan sanda, da "ƙuri'a", wadda a yau zaɓe take fara kawowa a zuciya. Dole mai bayani ya bar kalma guda ya koma ga jimla: wannan magani sabo ne, ba a tabbatar yana warkar da wannan cuta a yara ba, akwai wani da aka tabbatar, ba likita ne zai zaɓa wa ɗanki ba, kamar jefa kwabo ne, in kin ƙi, za a ba shi wanda aka sani, ba kuwa wanda zai yi fushi da ke. Jimlar ƙarshen nan ita ce mafi wuya, domin a al'adarmu ƙin abin da likita ya miƙo yana kama da rashin kunya, kuma "to" ɗin da talaka ke ce wa mai farar riga sau da yawa ladabi ne, ba amincewa ba.