Tazkiyar Shaidun Sama a Hanyar Jirgin Alhazai

Maniyyacin da ya baro Maiyama ko Aliero da asuba, ya ratsa Jega, ya isa filin jirgi na Sa Ahmadu Bello da ke Ambursa, inda jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi a watan Mayu, ba kasafai yakan tambayi yadda matuƙi ke gane hanyar Hijaz cikin duhun dare ba, alhali mas'ala ce da ta cancanci bahasi.

Taurarin GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita wajen 20,200, kowannensu yana aiko da bayanin matsayinsa da lokacinsa, na'urar jirgi kuma ta lissafa nisa daga jinkirin isowar saƙon, ta yadda kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yakan zama mita 300. Taurari huɗu sun isa a san matsayi, amma ba su isa a san ko ɗayansu ya yi kure ba; sai da na biyar ake gane akwai saɓani, da na shida kuma ake gane mai saɓanin a jefar da maganarsa, kamar yadda alƙali ba ya hukunci sai ya yi tazkiyar shaidu. Wannan bincike shi ake kira RAIM.

Akwai kuma wata na'ura a cikin jirgin, wadda ba ta sauraron kowa daga waje, sai dai ta auna kowace juyawa da kowane ƙarin gudu tun daga tashi. Ba a iya toshe ta ko a yaudare ta, illa dai kuskurenta yana taruwa sannu a hankali, don haka taurari ke yi mata gyara, ita kuma tana tona asirinsu idan sun kauce. Fa'idar haka ta bayyana tun 2023, da matuƙa suka yawaita kukan saƙonnin jabu a sararin Gabas ta Tsakiya.

Abin da ya fi damuna shi ne samanmu. Ƙasarmu tana kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda iskar can ƙololuwa takan rikice bayan magariba har saƙon taurari ya yi ta rawa, ga kuma hazon hunturu da ke rufe wa matuƙi titin sauka. Saboda haka ake kafa tashoshi a ƙasa, masu sa ido kan taurarin, su aika gargaɗi cikin daƙiƙa shida ta wani tauraro. An gwada wannan a Abuja a 2023 da tauraron NigComSat-1R, wanda aka harba a Disambar 2011, tare da hukumomin zirga-zirgar jiragen sama na NAMA da ASECNA. A ganina ya wajaba jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta girka na'urar auna wannan rikici dare da rana, ta horar da ɗalibanta su karanta abin da ta rubuta, domin lissafin da aka gina bisa saman Turai ba lalle ne ya dace da saman Kabi ba.