Baƙar akuya da baƙar mage: wai laifin me suka yi?

Mai karatu, in ka taɓa zama bakin kasuwar bisashe a Gangara, ko Tanut, ko Belbeji, ka san yadda cinikin awaki ke tafiya. Mai saye zai zo, tun daga nesa idonsa na kan jar akuya ko fara, ya taɓa gadon bayanta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya taya. Ita kuwa baƙa tana nan ɗaure a turke har rana ta karkata, sai dillali ya shiga lallashin mai ita da ya rage, don kada a koma da ita gida. Abin ya zama jiki, har ba mu tsayawa mu tambayi kanmu ko me ya sa.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wata baiwar Allah daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gangara, wadda ta same ni bayan na gama gabatar da wani shiri na manoma da makiyaya a gidan rediyo. Ta shaida mini cewa akuyarta baƙa ce wuluk, tagwaye take haifa mata, da nononta take dama wa yara fura, amma ranar da rashin lafiyar ɗanta ya tilasta mata kai ta kasuwa, kuɗin da aka taya bai kai na wata ja da ba ta fi ta girma ba. Da ta koma gida kuma ta tarar magenta ta haihu huɗu, maƙwabta suka kwashe uku, suka bar mata baƙar, wadda daga baya yara suka bi da jifa har ta bar gidan. Tambayarta ɗaya ce: shin akwai wani aibi a jikin baƙar dabba da ita ba ta sani ba?

Kafin mu amsa mata, ya kamata mu san cewa ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidajen da ake tara karnuka da kyanwoyin da ba su da mai su, ana ciyar da su har a samu wanda zai ɗauka ya riƙe. Ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun daɗe suna kukan cewa baƙaƙen ne ke daɗewa ba a ɗauka ba. A Ingila, ƙungiyar kula da kyanwoyi mai suna Cats Protection ta keɓe ranar 27 ga watan Oktoba a matsayin ranar baƙar mage tun daga shekarar 2011, domin ta ga baƙaƙen na ɗaukar lokaci fiye da sauran kafin su samu gida. Wani bincike da aka buga a 2013 kan gidaje biyu na jihar Kolorado a Amurka shi ma ya nuna baƙaƙen kyanwoyi kan ƙara ƴan kwanaki suna jira. Game da karnuka kuwa masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, don wasu da suka ƙirga sun tarar baƙin kare ba ya daɗewa fiye da sauran. Su can dalilansu biyu ne: tsohon camfi da ke haɗa baƙar mage da maita, da kuma cewa baƙar dabba ba ta fita da kyau a hoto.

Mu nan Damargu ba mu da gidan ajiye karnuka da kyanwoyi. Namu gidan ajiyar shi ne kasuwa, da garke, da bayan gari inda ake yar da ƴaƴan mage a cikin buhu. Kuma namu nuna bambancin yana da tarihi da ya kamata kowane makiyayi ya sani. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka ɗaukaka jar akuyar Maraɗi saboda kyawun fatarta, wadda ƴan kasuwar Turai ke nema ruwa a jallo, irin fatar nan da da can ake ɗauka daga ƙasar Hausa a ratsa Sahara da ita, Turawa na ce mata fatar Maroko. Don a tsarkake irin, ma'aikatan kiwo na lokacin sun riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba. Bayan samun ƴancin kai, a 1963 aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi domin yaɗa ja a sauran jahohi, kuma tun daga nan ayyukan raya karkara da dama, in za su raba wa mata awaki, ja suke nema. Sannu a hankali sai ya zauna a zukatanmu cewa ja ce akuyar kirki, baƙa kuwa ta talaka ce wanda bai samu ja ba.

To amma a shekarar 2002 wasu masana, cikinsu har da Hamani Marishatu na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sun buga sakamakon wani bincike da suka yi a yankin Maraɗi, inda suka gwada jar akuya da ƴar'uwarta baƙa da ke kiwo tare a ƙauyuka. Abin da suka tarar shi ne, ta fannin haihuwa da girman ƴaƴa, babu wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu. Ke nan, ita wannan baiwar Allah ta Gangara gaskiyarta ce. Akuyarta ba ta da aibi, mu ne muka ɗora mata.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba. Kowa ya san cewa in boka ko ɗan bori zai yanka wa mutum sharaɗi, sau da yawa baƙar akuya, ko baƙin bunsuru, ko baƙar kaza yake cewa a kawo. Saboda haka mutumin kirki kan ji nauyin a gan shi yana jan baƙar dabba daga kasuwa, kada a ce wani wuri zai kai ta. Haka baƙar mage, da zarar ta ƙetare katanga da dare idanunta na ƙyalli, sai a ce mayya ce ta rikiɗa, ko aljani. Harshenmu ma bai taimaka ba: baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya, baƙar magana, duk abin ƙi mun shafa masa baƙi. Sai dai mun manta cewa mu mutanen Damargu ba abin da ke faranta mana rai kamar baƙin hadari in ya taso daga gabas, kuma baƙar ƙasar fadama ta fi farin rairayi albarka. Magabata ma sun ce baƙar tukunya ita ke fidda farin tuwo.

Wasu kan fake da addini, musamman in Babbar Salla ta matso, su ce layya ba ta yi da baƙin rago. Malamanmu sun sha bayyana cewa abin da shari'a ta gindaya shi ne shekarun dabba da lafiyarta, kada ta zama mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiya. Fari abin so ne ga wanda ya samu hali, amma layyar mai baƙin rago ta yi. Ya ma zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi layya da rago mai baƙi a ƙafafu da ciki da kewayen idanu. Gaskiya ne akwai hadisin da ya keɓe baƙin kare da magana, kuma fassararsa aikin malamai ne, amma babu malamin da ya ce a bar dabba da yunwa ko a sa yara su jefe ta. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. A duka biyun ba a faɗa mana launin dabbar ba.

In don gaskiya ne, akwai abu ɗaya da makiyaya ke faɗa wanda ya tabbata: baƙin gashi ya fi ɗaukar zafin rana. A watannin bazara baƙar dabba ta fi buƙatar inuwa da ruwa, amma in hunturu ya shigo ita ce ke saurin ɗumama da hantsi. Wannan magana ce ta kula, kuma rumfar kara ta isa ta magance ta.

Asarar da ke cikin wannan camfi a kanmu take faɗawa. Damargu rumbun hatsi ne, kuma duk wanda ya ga 1984, ko 2005, ko 2010, ya san darajar tiya ɗaya ta gero da akuya ɗaya a turke. Magen da aka kora don baƙinta, ɓerayen da za ta kama suna nan suna ɓarna a rumbu da ɗakin ajiya. Ɗan kwikwiyon da aka yar bayan gari, in ya rayu, shi ne gobe zai zama karen da ba mai shi, ba wanda zai kai shi allurar rigakafin haukan kare, alhali wannan ciwo in ya bayyana a jikin mutum ba a cika tashi ba, kuma yara ya fi kamawa. Ita kuwa mai baƙar akuya, yawanci mace ce da ba ta da wata dukiya sai ita, kuma ita ake karya wa farashi ranar da ta fi buƙatar kuɗin.

Don haka ina kira ga dillalai da su ji tsoron Allah, su daina amfani da launi suna karya dukiyar bayin Allah. Mai saye ya duba haƙora, da hantsa, da ƙafafu, ya tambayi haihuwa nawa ta yi. Ƙungiyoyin da ke raba wa mata awaki su nemi mai lafiya da nono, ko wane launi gare ta. Limamai da malaman makaranta su taya mu faɗakarwa, iyaye kuma su hana yara jifan mage da kare. Mu ma ma'aikatan rediyo akwai namu, don sau nawa muke sa wasan kwaikwayon da in za a nuna maita sai an kawo baƙar mage?

Ita dai baiwar Allah da ta kawo wannan tambaya, na ba ta shawara in akuyar ta bar ƴa mace a gida, ta riƙe ta da kyau, in kuma baƙar magen ta dawo, ta zuba mata ruwa a kasko. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu gane, amin.