Tunawa da Damouré Zika, mai jinyar talakawan Yamai

Ɗalibai da yawa daga gidajenmu sun yi karatun jinya da ungozomanci a makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa da ke Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Damouré Zika. Amma in aka tambaye su ko wane ne shi, galibi sai su ce ɗan wasan silima ne. Gaskiya ne, sai dai ba don silima aka sa wa makarantar lafiya sunansa ba.

An haifi marigayin a farkon shekarun 1920, cikin zuriyar Sarkawa masunta na bakin kogin Isa, gidan da aka sani da maganin gargajiya tun kaka da kakanni. Ya koyi aikin jinya na zamani, bai kuwa yar da abin da ya gada ba. Daga baya ya buɗe wurin shan magani a Lamorde, a ƙetaren kogi, inda marar hali ke samun kulawa ba tare da an fara duba aljihunsa ba. Shekaru da dama kuma yana yi wa jama'a bayanin kiwon lafiya a gidan rediyon ƙasa. A ganinmu wannan ne babban aikinsa, domin a wancan zamani likitoci ƙalilan ne, muryar rediyo kuwa tana isa ƙauyen da motar asibiti ba ta zuwa.

Silima ta zo masa ne ta hanyar abota. Ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch a farkon shekarun 1940, lokacin da Rouch ke injiniyan hanyoyi a Nijar, suka shafe fiye da shekara 60 tare. A fim ɗin Jaguar, Damouré na cikin samari 3 da suka tafi cin rani Gwalkwas, wato Gana ta yau, tafiyar da kakanninmu da yawa suka yi. A Petit à petit kuwa shi ne ya je Paris yana auna kawunan Turawa, yana duba haƙoransu, kamar yadda masu bincikensu suka saba yi wa baƙar fata. Wanda ya gani ba ya manta dariyar. Mutum ne kuma mai son alƙalami: an buga littafin tafiye-tafiyensa, Journal de route, a Faransa a 2007.

A watan Fabrairun 2004 yana cikin motar da ta yi hatsari kusa da Birnin Ƙonni, inda Rouch ya rasu. Shi ya tsira, ya ƙara shekara 5. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 6 ga Afrilu, 2009, bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Rahotannin rasuwarsa sun ce ya bar mata 4, ƴaƴa 35 da jikoki 80.