Biki Ya Watse, Wa Zai Kwashe Leda?

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya san yadda titi yake kwana bayan bikin aure. Ledar fiya wata da farar robar tekawe da guntun shinkafa, duka a share su a tura cikin kwata. Amarya ta tare a ɗakinta, maƙwabta kuwa an bar su da ɗoyi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kudu. Birnin Ikko a kwari yake, bakin teku, ga shi damina tana da tsawo, ruwan Yuni da Yuli kuwa ba ya wasa. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye, tana iya shekara da shekaru a ƙasa. In ta toshe kwata sai ruwa ya koma ɗakunan mutane, wanda ya kwanta kuma sauro ya yi ƙwai a ciki. Watau shagalin yini ɗaya yakan jawo zazzaɓin wata guda.

Hukuma ma ta sa baki. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana sayarwa da amfani da farar robar tekawe, sa'an nan daga 1 ga Yuli, 2025 ta soma tilasta hanin a kan kofunan roba da cokulan roba da siraran ledoji waɗanda ake yarwa bayan amfani ɗaya. Saboda haka uwar biki da ta cika ɗaki da irin waɗannan kaya ta kwana da shirin asara.

Maganin kuwa yana gida. Fataken goro na Agege da Shagamu tun kaka da kakanni da ganye suke ɗaure huhu, goro ya isa Kano bai bushe ba. Yarabawa ma da ganye suke naɗe alalarsu. To, goron ɗaurin aure ba ya bukatar leda, faranti ya ishe shi. Abinci a zuba a langa da tire, a ci mutum huɗu ko biyar, kamar yadda aka saba a Arewa. Wanda ba shi da kwanuka ya ara a maƙwabta ko ya yi haya. Ruwa a cika kula da randa, a ajiye kofunan da za a wanke.

A kuma ƙidaya baƙi kafin a auna shinkafa. Abin da ya rage a raba wa mabukata tun da zafinsa. Abokan ango su tanadi buhuna, su share titi kafin magariba, su miƙa wa motar shara.

Baƙo a garin mutane da halinsa ake auna danginsa. Titin da aka bari fes yakan sa gobe a sake ba Bahaushe aron wuri da murna. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, amin.